Sabon Kocin Hari Ya Iso: Tambayoyinku Kan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ake cin kasuwar masu horarwa a ƙwallon jami'o'in Amurka. Jami'ar da ta sha fama da ƙarancin maki sai ta sallami kocin harinta, ta ɗauko wani da sabon salo, magoya baya kuma su shafe wata bakwai suna lissafin makin da ba a ci ba tukuna. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan haka suke. Ga wanda bai saba da wasan ba, mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu hari suna da dama huɗu su matsa gaba da yadi 10. In sun kai a sabunta musu huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kowace dama guda muna kiranta zubi. Jerin zubin da ƙungiya ta yi daga karɓar ƙwallo har ta rabu da ita muna kiransa riƙo. Kai ƙwallo gidan ƙarshe, wato tacdawun, maki 6 ne, da bugun ƙari ya zama 7. Bugun tsakanin sanduna maki 3.

Tambaya: Assalamu alaikum. Jami'ar da nake goyon baya ta ɗauko sabon kocin hari, an ce salon jifa zai kawo. A 2019 jami'ar jihar Louisiana, wato LSU, ta yi haka, ta ɗauki kofin ƙasa a shekarar farko. Me zai hana mu ma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da zai hana ku shi ne da wuya a ce kuna da irin mutanen da LSU take da su a wannan shekarar. Gaskiya ne Joe Burrow, kwatabak ɗinsu, wato mai jifa kuma jagoran hari, tacdawun 16 kacal ya jefa a 2018. Da Joe Brady ya zo daga New Orleans Saints ya gyara fasalin jifa, sai ya jefa 60 a 2019, da yadi 5,671, ƙungiyar ta buga wasa 15 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. To amma ka dubi masu cafe masa: Ja'Marr Chase da Justin Jefferson, waɗanda suka je gasar ƙwararru ta NFL suka shiga sahun gaba. Burrow kansa shekararsa ta biyar ke nan a ƙwallon jami'a, ta biyu yana jan ragamar LSU. Da kakar ta ƙare, NFL ta kwashi 'yan wasa 14 daga ƙungiyar a zaɓen 2020, biyar a zagayen farko. Shekarar da ta biyo baya LSU ta ci 5 aka doke ta 5. Brady bai ƙera yaran nan ba. Tarar da su ya yi da dabaibayi a ƙafa, ya kwance.

Ga ɗaya fuskar, wadda ba a cika tunawa da ita ba ranar da ake gabatar da sabon koci. A 2008 Michigan ta ɗauko Rich Rodriguez daga West Virginia, inda salonsa ya tsayu a kan kwatabak mai gudu kamar Pat White. A Michigan masu jifa daga tsaye ya tarar. Ryan Mallett, dogo mai ƙarfin hannu, ya ga babu gurbinsa, ya tattara ya koma Arkansas. Suka ci 3 aka doke su 9, shekara 33 a jere da suka yi suna zuwa wasan ƙarshen kaka, wanda ake gayyatar ƙungiyoyin da suka taɓuka abin kirki, ta yanke. Nebraska a 2004 ta bar salon gudu da ta gada, Bill Callahan ya kawo gajerun jifa irin na ƙwararru, ta ci 5 aka doke ta 6, karo na farko tun 1961 da rashin nasara ya rinjaya. Georgia Tech ta yi shekara 11 tana buga salon zaɓi uku, wato salon gudu da kwatabak ke zaɓar wanda zai tafi da ƙwallo cikin mutum uku har da shi, a hannun Paul Johnson. Da Geoff Collins ya zo a 2019 zai sauya, ta ci 3 aka doke ta 9, har da shan kashi a hannun The Citadel, 'yar ƙaramar kwalejin soja da ke buga wannan salon da suka yar a lokacin.

Za ka ce ai Auburn ta tashi daga cin wasa 3 a 2012 zuwa cin 12 da wasan kofin ƙasa a 2013, da zuwan Gus Malzahn. Haka ne. Sai dai Malzahn shi ne kocin harinsu daga 2009 zuwa 2011, da yawa daga cikin yaran sun riga sun san yarensa. Komawa gida ya yi.

Saboda haka kafin ka sa rai, ka ɗauko jerin 'yan wasanku ka duba abu uku. Kwatabak ɗinku ya taɓa yin irin aikin da sabon salon ke nema? Cikin 'yan katanga biyar, wato ƙartin da ke tare masa masu kawo farmaki, nawa ne suka dawo daga bara? Kuma masu cafe nawa kuke da su na gaske? Salon jifa kan tsayar da huɗu a fili lokaci guda, yana kuma son wasu huɗun a bayansu don karɓa-karɓa. Ƙungiyar da ta shekara goma tana ɗaukar masu gudu da ƙwallo ba ta da takwas ɗin nan.

Tambaya: Ni abin da ban gane ba, dabarun nan ai zane ne a kan allo. Yara 'yan jami'a ne masu ƙwaƙwalwa. Me zai sa a ce sai an shekara kafin su iya?

Amsa: 'Yar'uwa, zanen yini guda ya isa a haddace shi. Abin da ke cin lokaci shi ne mutum 11 su yi abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya ba tare da tsayawa tunani ba, kuma lokacin atisaye a ƙayyade yake. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ba kowace ƙungiya atisaye 15 a watannin Maris da Afrilu, cikin kwana 34, kuma ba duka ake yarda a kayar da juna a ciki ba. Sai wasu 25 a Agusta kafin wasan farko. Jimilla 40 ke nan. Da kaka ta fara, sa'a 20 ce a mako, kuma yawancinta kan tafi wajen shirya wa abokin karawa na Asabar mai zuwa, ba koyon tushe ba.

Ki ɗauki mai cafe. A salon jifa na zamani ba a ce masa je wuri kaza ka tsaya. Ce masa ake yi: ka yi gudu yadi 10, in mai tsaronka yana samanka ka juyo, in ya matso ka wuce shi, in ka ga rami tsakanin mutum biyu ka zauna a ciki. Kwatabak shi ma yana karanta wannan mai tsaron daga nesa, kuma dole ya saki ƙwallo kafin mai cafe ya juya, domin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ne kawai a hannunsa. Idan suka karanta daban, za ki ga mai cafe ya karya ciki, ƙwallo ta tafi waje ta faɗi inda ba kowa, ko ta sauka a ƙirjin ɗan adawa, su biyun su ɗaga hannu suna kallon juna. 'Yan kallo su ce kwatabak ba shi da saiti. Saitinsa lafiya lau, ba su dai kai ga yin abin tare sau ɗaruruwa ba ne.

Katanga ta fi wannan wuya, kuma ita ce ba a nunawa a talabijin. Akwai tarewa iri biyu a wasan gudu. A ta yanki, duk biyar ɗin su taka gefe ɗaya tare, mutum biyu su haɗu a kan ƙato ɗaya, sannan ɗayansu ya sake shi ya haura wurin na bayansa. Wane ne zai saki, yaushe, wannan da jiki ake jinsa, kafaɗa da kafaɗa, ba a faɗa da baki. A ta gurbi kuwa, kowa ya danne na cikinsa, ɗaya ya zagayo ta baya da gudu ya buɗe hanya. Wanda ya shekara uku yana ɗaya ba ya komawa ɗayar a wata guda. Haka nan tsayuwa. Ɗan katangar salon gudu ya saba ya dafa ƙasa ya zabura gaba. A salon jifa ana so ya tsaya a rusune ya ja da baya yana tare mutum, wani lokaci da tazarar ƙafa uku ko fiye tsakaninsa da maƙwabcinsa, maimakon ƙafa biyu da aka saba. Kuskuren shekarar farko kusan kullum iri ɗaya ne: mutum biyu su tare ɗan adawa ɗaya, wani ya shige ba wanda ya taɓa shi.

Wannan ya sa marigayi Mike Leach, wanda shi da Hal Mumme suka gina salon yawan jifa mai suna Air Raid tun daga ƙaramar kwalejin Iowa Wesleyan a 1989, yake koyar da dabarunsa kaf cikin kwana uku, sannan ya koma farko ya yi ta maimaitawa har kaka ta ƙare. Mu a wurinmu, kocin da ya zo daga NFL da kundi mai kauri da sunayen dabaru masu tsawon jimla guda ya fi ba mu tsoro. Ƙwararru sana'arsu ke nan daga safe zuwa yamma, ɗalibi kuwa yana da aji da jarrabawa.

Tambaya: Malamai, mun ci maki sama da 50 a wasan farko, kuma tun wasan gwaji na Afrilu yaran ke ta zuba jifa. Ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ko?

Amsa: Wannan Larabar ba ta nuna komai, Malam. Wasan Afrilu ƙungiya ce ke karawa da kanta. An hana taɓa kwatabak, yawanci ma rigarsa daban ce don kada a yi kuskure. Masu tsaro ba sa yi masa rubdugu, kuma babu kocin da zai baje sabbin dabarunsa a gaban kyamara wata huɗu kafin kaka. Idan hari ya haskaka, wataƙila tsaronku ne ya lalace. A 2025 ma Nebraska da Texas da USC ba su yi wasan irin yadda aka saba ba. Wasan farko na Satumba kuwa sau da yawa da ƙaramar jami'a ake yin sa, wadda aka biya dubban ɗaruruwan daloli ta zo ta sha kashi. Ƙartinku sun fi nasu nauyi da sauri, ko an yi kuskure ƙarfi zai rufe shi.

Ko da babbar ƙungiya kuka doke, ka saurari abin da ya faru da Mississippi State. Ranar 26 ga Satumba 2020, wasan Leach na farko a can, suka je gidan LSU mai riƙe da kofi suka doke ta 44 da 34. K.J. Costello ya jefa yadi 623, abin da ba a taɓa yi ba a gasar SEC ta manyan jami'o'in kudu maso gabas. LSU ta nace kan tsaron mutum da mutum, wanda shi ne abincin Air Raid. Akwai dabarar da masu cafe biyu ke ratsa juna a tsakiyar fili, wajen yadi biyar zuwa shida daga layin da ake fara zubi, kusa da juna har suna iya tafawa. Masu bin su sai su yi karo ko su kauce wa juna, ɗaya ya fita fes ba kowa a kansa. Haka aka wuni ana yi wa LSU.

Mako guda bayan haka Arkansas ta zo da wani abu dabam. Mutum uku kawai ta tura su kori kwatabak, takwas suka ja baya kowa ya tsare yankinsa. Masu cafe biyar, masu tsaro takwas, ba wanda ke bin wani balle a yi karo. Hanyoyin nesa duk sun toshe, abin da ya rage shi ne jifan yadi huɗu ko biyar, sau goma sha wani abu a jere ba kuskure, ko kuma a yi gudu da ƙwallo tunda 'yan katanga biyar ne a kan mutum uku. Mississippi State ba ta iya ko ɗaya ba. Arkansas ta ci 21 da 14. Kentucky ta kwaikwaya, ta cafke jifa shida, aka tashi 24 da 2, kuma maki biyun nan ba hari ne ya ci su ba. Texas A&M ta doke ta 28 da 14, Alabama 41 da nema. Maki 44 a wasa ɗaya, 30 a huɗun da suka biyo. Sai a 2021, da Will Rogers ya ƙware wajen karɓar ɗan abin da tsaro ya bari, ya haura yadi 4,700, salon ya zauna.

Sabon salo yana cin ribar rashin sani ne a makonnin farko, don abokan karawa ba su da bidiyonsa. Da an tara bidiyon wasa uku ko huɗu, kowa ya san abin da kuka fi so. Ka jira tsakiyar Oktoba. Ko a cikin wasa ɗaya ma kada riƙon farko ya ruɗe ka, domin koci da yawa kan rubuta zubi goma sha biyar na farko tun cikin mako a yi ta bitarsu. Abin dubawa shi ne kashi na uku na wasan, bayan masu tsaro sun shiga ɗaki sun gyara.

Tambaya: Ana ta cewa sabon kocinmu gwanin RPO ne. Mene ne shi, kuma me ya sa alƙalai ke yawan jefa mana ƙyalle a kansa?

Amsa: Zubi ne guda mai ƙofa biyu, gudu ko jifa, kuma ba a yanke hukunci sai bayan an saki ƙwallo. 'Yan katanga suna tarewa kamar gudu za a yi. Kwatabak ya cusa ƙwallo a cikin mai gudu bai saki ba, idonsa a kan mutum ɗaya daga masu tsaron tsakiya. In mutumin ya tako gaba don tare gudu, sai ya zare ƙwallo ya jefa wa mai cafe da ya kutsa bayansa. In ya tsaya ko ya ja baya, sai ya sakar wa mai gudu, don an samu ragin mutum ɗaya a gaba. Wani lokacin tun kafin zubi ake ƙirgawa: kuna da masu tarewa shida, in mutum shida ne a gabansu a yi gudu, in bakwai ne a jefa gefe.

Ƙyallen, wato alamar laifi da alƙali ke jefawa, daga nan yake fitowa. A ƙwallon jami'a, idan jifa ya tsallake layi, ɗan katanga ba shi da izinin wuce yadi 3 gaba kafin a saki ƙwallo. A NFL yadi 1 ne, shi ya sa dabarar ta fi yawa a jami'o'i. Su 'yan katanga ba su san ko jifa za a yi ba, gaba kawai suke yi. Idan kwatabak ya yi jinkirin rabin daƙiƙa, ɗayansu ya riga ya kai yadi huɗu, a soke cafen a mayar da ku baya yadi 5. Sunan ɗan katanga za a kira, amma laifin na mai jinkiri ne. Maganin da masu tsaro ke yi wa RPO kuma sananne ne: su koma mutum da mutum, kowane mai cafe da nasa, mutumin tsakiyar ya tafi tare gudu hankali kwance. Daga nan sai dai in mai cafenku ya fi mai tsaronsa.

Tambaya: An ce za mu riƙa buga wasa da sauri, ba zagayen shawara tsakanin zubi. Wasu na cewa hakan zai kashe masu tsaronmu. Gaskiya ne?

Amsa: Da gaskiya a ciki, amma ba inda aka fi zato ba. Doka ta ba da daƙiƙa 40 tsakanin zubi da zubi. Masu sauri kan saki ƙwallo da sauran 25 ko fiye, don kada abokan karawa su samu sauya gajiyayyu ko ɓoye shirinsu. Idan ana samun yadi 10 a kai a kai, daɗi ne. Idan aka yi jifa uku suka faɗi ƙasa, agogon wasa bai ci ko minti ɗaya ba, masu tsaronku da ko ruwa ba su gama sha ba sun koma fili.

Babban lissafin shi ne yawan riƙo. Sauri yana ƙara wa ɓangarorin biyu riƙo, ba ku kaɗai ba. In kun fi abokin karawa, kowane ƙarin riƙo riba ce. In shi ya fi ku, kun ƙara masa damar nuna fifikonsa ne. Abin da ya sa makarantun soja irin su Army da Navy ke jan wasa a ƙasa suna cinye agogo ke nan.

Tennessee a hannun Josh Heupel ita ce misalin da ya yi kyau. Daga cin wasa 3 a 2020, ta ci 7 a 2021, ta ci 11 a 2022 tana kan gaba a ƙasar da maki 46.1 a kowane wasa, har ta doke Alabama 52 da 49. Ba sauri kaɗai ba ne. Faɗin fili ƙafa 160 ne, kuma a jami'a idan aka ajiye ƙwallo a ɗaya daga layukan ɗigo biyu da ke cikin fili, ƙafa 60 ce ta hannu ɗaya, 100 ta ɗaya hannun. Heupel kan tura masu cafe can bakin layin fita, ta yadda mai tsaro ba zai iya raba ƙafa tsakanin tare gudu da bin mai cafe ba, dole ya zaɓa, kwatabak na kallonsa. Amma a wannan kakar Georgia, mai 'yan bayan da za su iya riƙe mutum su kaɗai, ta tsayar da su a maki 13.

Abu biyu kuma da za ka lura da su. Idan masu hari suka sauya ɗan wasa, alƙali kan tsaya a kan ƙwallo har masu tsaro su sauya nasu, saurin ya mutu ke nan. Don haka salon yana son mutum 11 da za su iya komai ba a taɓa su ba. Sannan tun 2024 an halatta wa koci a babban rukuni ya yi magana da ɗan wasa ɗaya ta rediyon cikin hular kwano, mai koren ɗigo a baya, ana yanke layin idan saura daƙiƙa 15. Wasu sun yi amfani da wannan sun ƙara sauri, wasu kuma sun koma zagayen shawara tunda ba sai an yi ta nuni da hannu daga gefen fili ba.

Tambaya: Yadi ɗaya ya rage, amma kwatabak ya tsaya can baya ana wurgo masa ƙwallo. Wannan ba wauta ba ce?

Amsa: Mun san yana ƙona rai a ga an kai ƙwallo yadi biyar baya don neman yadi ɗaya. Sai dai yaro da yawa sun taso tun sakandare ba su taɓa karɓar ƙwallo hannu da hannu daga na tsakiyar katanga ba, kuma koyar da hakan na cin mintunan atisaye. Gwada shi sau biyu a kaka, a lokacin da wasa ya yi zafi, shi ke jawo ƙwallo ta suɓuce. Ƙorafinka zai fi ƙarfi idan kuka shiga yadi 20 na ƙarshe kuna ta komawa da maki 3. Daga yadi 10, zurfin da ya rage wa masu tsaro su kare yadi 20 ne kawai har da gidan ƙarshe, sararin da salon jifa ke rayuwa a kansa ya tsuke. A nan ake gane ko koci yana da wasan gudu na gaske.

Tambaya: Waɗanne alƙaluma zan duba in san ko ana ci gaba?

Amsa: Ka fara da watsar da jimillar yadi a kowane wasa. Wanda ya yi yadi 450 a zubi 90, biyar-biyar ya samu. Wanda ya yi 390 a zubi 60, shida da rabi ya samu, kuma shi ne gwani. Haka maki: 28 a riƙo 14 biyu-biyu ne, 27 a riƙo 9 uku-uku ne. Sai ma'aunin nasarar zubi da masu nazari ke amfani da shi: a dama ta farko a samu rabin yadin da ake nema, a ta biyu kashi 70 cikin 100, a ta uku da ta huɗu duka. Wannan shi ke tona asirin ƙungiyar da ke rayuwa a kan dogayen zubi biyu ko uku, sauran duk a tsaye. Ka cire duk abin da aka yi bayan tazara ta yi nisa an zuba 'yan benci. Ka kuma riƙa ƙirga laifuffukan kafin zubi, motsi kafin lokaci, tsayuwa ba daidai ba, ƙarewar daƙiƙa 40, domin su ne ma'aunin ruɗani.

Kada ka haɗa kyan hari da yawan nasara kai tsaye. A 2023 Iowa ta sa wa kocin harinta Brian Ferentz, ɗan babban kocin, sharaɗin maki 25 a kowane wasa, har da waɗanda masu tsaro suka ci. Maki 15.4 aka samu, amma ƙungiyar ta ci wasa 10 saboda tsaro da bugun nesa. A 2024 Tim Lester ya karɓa, maki suka haura 27, nasara ta sauko 8.

Tambaya: Yanzu da 'yan wasa ke sauya sheƙa yadda suka ga dama, ai uzurin "ba yarana ba ne" ya ƙare. Yaushe ya dace mu fara kiran a sallami koci?

Amsa: Uzurin ya ragu, Alhaji, bai ƙare ba. An buɗe rajistar sauya sheƙa a 2018, a 2021 aka daina zaunar da mai sauyin farko shekara guda, a 2024 aka sake sassautawa. Koci na iya zuwa da kwatabak ɗinsa a aljihu. A 2021 Bailey Zappe ya bi Zach Kittley daga Houston Baptist zuwa Western Kentucky tare da wasu masu cafensa, ya jefa tacdawun 62 da yadi 5,967, ya shafe tarihin tacdawun na Burrow. A 2022 Caleb Williams ya bi Lincoln Riley daga Oklahoma zuwa USC, ƙungiyar ta tashi daga cin 4 zuwa cin 11, shi kuma ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a. A duka biyun, mutum ne da ya riga ya yi maimaicin a wani wuri ya zo da shi.

Katanga ce ba a cika samu a wannan kasuwa ba. Ƙwararrun ƙarti kaɗan ne, kowa na nemansu, kuma biyar daga makarantu biyar ba katanga ba ce sai sun daɗe tare. Wisconsin, wadda aka sani da manyan 'yan katanga da gudu, ta ɗauko Phil Longo da salon jifa a 2023, ta kawo kwatabak daga waje shekara biyu a jere. Ta ci 7 a 2023. A 2024 Tyler Van Dyke ya ji rauni a gwiwa a wasa na uku, aka sallami Longo a Nuwamba, ta ƙare da cin 5, shekara 22 a jere na wasan ƙarshen kaka suka yanke.

Akwai alamar da ba sai an jira shekara biyu ba, ita ce gidan da ya rabu. A 2008 Auburn ta ba Tony Franklin ragamar hari, amma mataimakan da ke ƙarƙashinsa na tsohon salo ne. Abin da aka fito da shi bai zama nasa ba, bai zama nasu ba. Sun taɓa cin wani wasa da maki 3 da 2 kacal, aka sallame shi bayan wasa shida. In ka ga dabarun wannan mako ba su da alaƙa da na makon jiya, ko ana ta rigimar wa ke kiran zubi, abin ya riga ya ɓaci daga ciki.

In ba haka ba, ka ajiye wasa biyu na Satumba gefe da wasa biyu na Nuwamba ka kwatanta. Laifuffukan kafin zubi sun ragu? Jifan da ke faɗuwa inda ba kowa ya ragu? Idan masu tsaro suka toshe dabarar da kuka fi so, akwai ta biyu da aka gina a kanta? In amsar e ce, ko da maki bai tashi sosai ba, a ba shi shekara ta biyu da yaran da suka yi atisaye 40 ɗin sau biyu. In kuwa a Nuwamba har yanzu ana shigowa kan kwatabak ba wanda ya taɓa mai shigowar, a fara tambayar kocin katanga tukuna.